Marigayi Muhammadu Bello Mai Wurno, Sarkin Masu Hijira a Ƙasar Sudan

Ran 27 ga watan Yuli, 1903, aka gwabza yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na ɗaya ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa. Wata huɗu ke nan bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato. Cikin waɗanda Allah ya kuɓutar a wannan rana akwai ɗansa, Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno.

Mai Wurno bai juya baya ba. Ya tattara sauran jama'ar mahaifinsa, Fulani da Hausawa, malamai da talakawa, suka ci gaba da hijira zuwa gabas da niyyar isa Makka. Tafiyar ƙasa ce ta shekaru, a yada zango a yi noma, a sami guzuri a ƙara gaba. Wajen shekarar 1906 suka sauka a Shaihu Talha, a gaɓar Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar. Daga bisani ya haye kogin ya kafa gari, aka sa wa garin sunansa, wato Mai Wurno.

Abin mamaki shi ne, Turawan da ya guje wa a Sakkwato su ya tarar suna mulkin Sudan tare da Masar. Amma a nan sai suka karɓe shi, suka ba shi ƙasa, suka yarda da sarautarsa. Ba don ƙauna suka yi haka ba. Ƙasar tana ƙarancin ma'aikata, musamman da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira, ga shi kuwa mutanen yamma ba su ƙyamar aikin gona. Ban da wannan, Turawa suna fargabar mutanen yamma su riƙa kwarara wurin Sayyid Abdurrahman, ɗan Mahadi, saboda haka suka ga gara a sami wani babba da zai riƙe su.

Shi kuma Mai Wurno ya san abin da yake nema. Ya yi amfani da wannan dama ya sama wa mutanensa gonaki, ya sa aka kafa ƙauyuka a bakin kogi, ya mai da garinsa masaukin alhazai masu bin hanyar ƙasa. A ƙarƙashinsa jama'a suna da shugaba nasu, suna raba gardama bisa al'adarsu, yara suna tashi da Fillanci da Hausa a tsakiyar masu jin Larabci. Wannan shi ne babban aikinsa: baƙin da da sun watse ɗaya ɗaya cikin gonakin wasu, ya mai da su al'umma mai ƙasa da murya.

Mutanen Sudan kuwa ba su bambanta su ba. Da Bafillace da Bahaushe da Babarbare, duk Fallata suke kiransu, sau da yawa da raini. Mutanen Batsari da Safana, waɗanda suka ga yadda zumuncin manomi da makiyayi ya lalace a kewayen dajin Rugu, za su yi mamakin jin cewa a can suna ɗaya ake kiran su biyun.

Mai Wurno ya rasu a tsakiyar shekarun 1940, ɗansa Muhammadu Ɗahiru ya gaje shi. Sai dai haƙƙin da ya samo ya rataya ne ga yardar masu mulki, ba a rubuce yake cikin doka ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta bukaci mutum ya nuna kakanninsa suna Sudan tun ƙarshen 1897, alhali masu hijirar Burmi sun iso bayan haka da shekara tara. Ta haka jikokin mutanen da suka noma audugar Jazira suka daɗe ana ce musu baƙi, har dokar 1994 ta dawo da ƙa'idar zuwa 1956.

Ko da takardar ɗan ƙasa ta samu, maganar ƙasar noma da sarauta ba ta mutu ba. A watan Yuli na 2022 Hausawan Jihar Shuɗin Nilu suka nemi a ba su masarauta tasu, wasu ƙabilun wurin suka ƙi, suna cewa sarauta ta masu ƙasa ce. Rikici ya ɓarke, aka kashe mutum fiye da 100, sannan ya sake tashi a watan Oktoba a yankin Wad al-Mahi.