Tarihin Hanaoka Seishu, Likitan Da Ya Mai Da Zaƙami Maganin Fiɗa

A yau za mu tafi ƙasar Japon, amma da wani tsiro da kowa ya sani a nan gida za mu fara. Babu wanda ya tashi a Maradi ko Damagaram ko Tawa da bai san zaƙami ba, wannan mai farar fure kamar kakaki da ƴaƴa masu ƙaya, da ke fitowa bisa juji da bayan gari in damina ta sauka. Wasu na ce masa haukata-yaro, kuma sunan bai faɗi ƙasa ba. To wannan tsiron da iyayenmu ke hana mu taɓawa, da irinsa ne wani likitan ƙauye mai suna Hanaoka Seishu ya sa wata tsohuwa barci a shekarar 1804, ya yi mata fiɗa ba tare da ta ji zafin wuƙa ba. Aikin nasa shi ne na farko irinsa da tarihi ya adana a rubuce, da sunan majinyaciya da rana da wata.

Kafin mu shiga rayuwarsa, ya kamata mu tuna yadda fiɗa take a wancan zamani. Duk wanda ya taɓa ganin wanzami na sakiya ko kaciya, ana danne da mutum yana ihu, to ya ga kaɗan daga ciki. A Turai ma haka abin yake: ƙarti ke riƙe majinyaci, likita kuma gwanintarsa ita ce sauri, ya yanke ƙafa cikin ƴan mintoci kafin zafi da zubar jini su kashe mai ita. Masana na da, cikinsu har da Ibn Sina, sun rubuta labarin tsirrai masu gusar da zafi da sa barci, amma gano ma'aunin da zai kwantar da mutum ya kuma tashi lafiya, nan ne gizo ke saƙa. Saboda haka mutane da yawa suka gwammace su mutu da cutarsu da su kwanta gaban likita.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Hanaoka a shekarar 1760 a wani ƙauye mai suna Hirayama, cikin ƙasar Kii, wadda a yau ake kira jihar Wakayama, kudu da birnin Osaka. Gidansu gidan magani ne, mahaifinsa Naomichi likitan ƙauye ne, a hannunsa ya fara koyo. A shekarar 1782 ya tafi birnin Kyoto neman ƙarin ilimi, ya yi shekara 3 a can. Ya karanci maganin gargajiya irin na ƙasar Sin a wurin Yoshimasu Nangai, ya kuma koyi fiɗa a wurin Yamato Kenryu, wanda ke bin hanyar da aka gada daga likitocin Turawa.

A nan sai mun yi ɗan bayani. A lokacin sarakunan Tokugawa sun rufe ƙofar Japon. Cikin Turawa, mutanen Holand kaɗai aka yarje wa ciniki, su ma an keɓe su a wani ɗan tsibiri mai suna Dejima a bakin birnin Nagasaki. Ta wannan ƴar kafa ce ilimin fiɗa na Turai ya riƙa tsiyayowa cikin ƙasar. Hanaoka ya samu labarin cewa likitocin Turai na yanke dajin nono, alhali a ƙasarsu an ɗauka duk macen da aka sa wa wuƙa a nono mutuwa za ta yi. Daga littattafan Sin kuma ya karanta labarin Hua Tuo, wani likita da ya rasu wajen shekarar 208, wanda aka ce yana ba majinyata wani gari su sha su yi barci kafin ya buɗe cikinsu. Sai dai haɗin wannan gari ya ɓace tare da mai shi. Hanaoka ya ƙudurta a ransa sai ya sake gano shi.

Shekara ashirin na gwaji

A shekarar 1785 ya koma ƙauyensu, ya gaji aikin mahaifinsa. Yana duba marasa lafiya, yana kuma tattara saiwoyi da ganyaye, yana daka, yana aunawa, yana gwadawa kan karnuka da kyanwoyi. Wata dabbar ta mutu, wata ta tashi da naƙasa, wata ko gezau. Haka ya yi ta ragi da ƙari har kusan shekara 20.

Abin da ya samu a ƙarshe ya sa masa suna tsusensan. Tsirrai 6 ya haɗa. Mafi yawa a ciki shi ne zaƙami, sai saiwar wani tsiro da mutanen Japon ke kira torikabuto, mai dafin da ƙabilar Ainu ta arewacin ƙasar ke shafawa a kibiya. Wato dai guba biyu ya gama, ya riƙa neman ƴar siririyar iyakar da ke tsakanin barci da mutuwa.

Amma kare ba mutum ba ne, kuma kare ba zai faɗi abin da ya ji ba. Labarin da ake bayarwa a Japon tun kaka da kakanni shi ne, mahaifiyarsa Otsugi da matarsa Kae su ne suka miƙa kansu aka gwada maganin a jikinsu, kuma a sanadin haka Kae ta rasa ganinta. Wannan labari na uwar miji da matar ɗa shi ne marubuciya Ariyoshi Sawako ta gina littafinta a kansa a shekarar 1966, aka mai da shi fim a 1967, har ya zama kusan kowane ɗan Japon ya san sunan Kae kamar yadda ya san na mijinta.

Ranar da aka yi wa Kan fiɗa

A shekarar 1804 wata tsohuwa ƴar shekara 60 mai suna Kan ta zo wurinsa daga garin Gojo. Ƴar gidan masu sana'ar shuni ce, tana da daji a nonon hagu. Bayan dajin kuma tana fama da wata cuta ta kumburin ƙafafu da kasala, wadda a yau aka san ƙarancin bitamin B1 ke kawo ta. Hanaoka bai yi gaggawar ɗaukar wuƙa ba. Sai da ya yi jinyar wannan cutar, ya ga tsohuwa ta ɗan murmure, sannan ya sa rana.

Ranar 13 ga wata na 10 a lissafin kalandar Japon ta lokacin, wadda ta yi daidai da 14 ga Nuwamba 1804, ya ba ta maganin ta sha. Da barci ya ɗauke ta, ya tsaga nonon ya ciro ƙullin, ya ɗinke. Kan ta farka, kuma bayan ƴan makonni ta koma garinsu.

Gaskiya ɗaya ce, sai mun faɗe ta duka: Kan ba ta cika wata 5 bayan fiɗar ba ta rasu. Maganin barci ya yi aikinsa, wuƙa ta yi nata, amma cutar ta riga ta yi nisa kafin tsohuwar ta zo. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yadda yake kula da majinyata

Daga nan sunansa ya bazu, mutane suka riƙa tururuwa zuwa ƙauyen. Ya yi fiɗar dajin nono sau fiye da 150. Ya yanke gaɓoɓin da suka ruɓe, ya ɗinke tsagaggen leɓe, ya cire ƙari iri-iri. Abin da ya bambanta shi da masu magani da yawa shi ne rubutu: yakan rubuta sunan majinyaci da garinsu, a kuma zana hoton ciwon da yadda aka yi aikin. Waɗannan takardu su ne hujjar da ta sa duniya ta yarda da shi.

Maganin nasa yana da iyaka, shi ma ya sani. Sha ake yi, ba shaƙa ba, don haka sai an jira awa 2 zuwa 4 kafin ya kama, majinyaci kuma kan yi awa 6 har zuwa 24 bai dawo hayyacinsa ba. In ya shiga ciki ya shiga ke nan, babu halin ragewa. Saboda haka bai dace da aikin gaggawa ba, kuma sai an duba ƙarfin jikin mutum kafin a ba shi. Koyarwarsa ga almajirai ta tsaya kan abu biyu: mai wuƙa dole ya san ciwon ciki da magungunansa, kuma kowane majinyaci a dube shi a kan kansa, domin jiki ya bambanta da jiki.

Sarkin Kii ya ba shi muƙamin likitan fada, amma ya ci gaba da zama a ƙauyensu yana duba talakawa. Ya buɗe makaranta haɗe da gidan jinya mai suna Shunrinken, ƙanensa Rokujo kuma ya riƙe wani reshe a Osaka. Almajirai fiye da 1000 suka yi karatu a wannan gida. Hanaoka ya rasu a shekarar 1835, yana da kusan shekara 75.

Me ya sa duniya ba ta ji shi ba?

Dalili na farko, ƙasar a rufe take. Na biyu kuma daga shi kansa ne: bai buga littafi ba, almajiransa ke kwafe darussa da hannu, kuma sai sun yi rantsuwa a rubuce cewa ba za su fitar da sirrin haɗin ba. Masu kare shi na cewa tsoro ya ji kada guba ta faɗa hannun jahili, kuma wannan magana ce mai kama hankali. Amma sakamakon shi ne, mutanen sauran duniya suka ci gaba da ihu ƙarƙashin wuƙa.

Sai ranar 16 ga Oktoba 1846, shekara 42 bayan fiɗar Kan, wani likitan haƙori mai suna William Morton ya shaƙa wa wani majinyaci iskar eta a babban asibitin Massachusetts da ke birnin Boston na Amurka, a gaban taron likitoci. Aka buga labarin, kafin shekarar ta ƙare an gwada a Landan da Paris. A 1847 James Simpson ya fara amfani da kulorofom a birnin Edimbura, har ga mata masu naƙuda. Da Japon ta buɗe ƙofarta a shekarun 1850, waɗannan magunguna na shaƙa suka shiga, suka ture tsusensan a hankali, domin sun fi saurin kamawa kuma likita na iya ƙarawa ko ragewa.

Duk da haka ba a manta da shi ba. Ƙungiyar likitocin sa barci ta Japon furen zaƙami ta sa a tambarinta, kuma ta ware 13 ga Oktoba ta zama ranar tunawa da wannan fanni. Wani man shafawa da ya haɗa don ƙuna, mai suna shiunko, har yanzu ana sayar da shi a can. Sinadarin atropin kuwa, wanda ake samu a zaƙami da danginsa, yana cikin alluran da masu sa barci ke ajiyewa kusa da su a ɗakin fiɗa, don tada bugun zuciya in ya yi ƙasa.

Abin da ya shafe mu

Na farko, ga samarinmu. Kada wani ya karanta wannan ya ce ashe zaƙami magani ne. Mutumin da ya yi shekara 20 yana auna shi bai tsira daga sharrinsa a cikin gidansa ba, balle wanda aka jiƙa wa a kwano wurin biki. Ƙarfin dafinsa ya bambanta daga tsiro zuwa tsiro, ba a gane shi da ido. Yana busar da baki, ya buɗe ƙwayar ido, ya sa zuciya gudu da zafin jiki, fitsari ya tsaya, mutum ya riƙa gane-gane da sambatu, wani kuma daga nan sai kabari. Wanda ya sha, a garzaya da shi likita.

Na biyu, ga masu maganin gargajiya. Tsofaffi nawa muka binne da iliminsu a ƙirji, ba rubutu, ba ma'auni, ba magaji? Hua Tuo ya tafi da nasa, Hanaoka ya ɓoye nasa, Morton kuwa da ya nuna a bainar jama'a, cikin ƴan watanni duniya ta amfana.

Na uku, ga iyayenmu mata da ƴan'uwanmu. Abin da ya kashe Kan shi ne jinkiri. Mace in ta ji ƙulli a nono ko a hammata, ko ta ga kan nono ya shige ciki, ko jini na fita, kada kunya ta sa ta ɓoye, kada kuma a tsaya shafe-shafe har ya fashe. Ba kowane ƙulli ne daji ba, amma lokotoro kaɗai zai tantance. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji, wadda ta fara gashi da haske a shekarar 2021. Maza kuma su ba da izini da kuɗin mota.

Na huɗu, ga duk wanda za a yi wa fiɗa. Mun sha jin masu cewa suna tsoron allurar barci, wai ba a tashi. Yau akwai ma'aikacin da aikinsa kawai ya tsaya kanka yana duba numfashi da bugun zuciya da hawan jini har ka farka. Sau da yawa ma, kamar wajen ciro jariri, allurar baya ake yi, uwa idonta biyu ta ji kukan ɗanta. Naka shi ne gaskiya: in an ce kada ka ci abinci awa 6 kafin aiki, to ko fura kada ka sha, domin amai cikin barci na iya faɗawa huhu. Ka faɗi duk maganin da kake sha, na farmasi da na gargajiya, har da taramol in kana taɓawa. Kuma haƙƙinka ne a yi maka bayani a nemi yardarka, domin dokokin likitanci na yau, kamar sanarwar Helsinki da aka fara fitarwa a 1964, ba su yarda a yi gwaji kan mutum irin wanda aka ce an yi kan Kae ba sai da cikakken sani da sa idon hukuma.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na likita, ya saka wa masu jinyarsu da alheri. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.