Bishop Crowther da Takardun da Gobara Ta Ci

Yawancinmu da muka yi makaranta a Najeriya mun haddace layi guda a kan Samuel Ajayi Crowther: baƙar fata na farko da ya zama bishop a ikkilisiyar Anglican. Da wannan layin muka ci jarrabawa, muka wuce. Da aka ce a wannan fitowar ta tunawa kowa ya kawo wani daga cikin magabatan bangaskiya, ni shi na ɗauka, saboda yawan asarar da mutumin nan ya yi, da kuma abin da yakan yi washegarin kowace asara.

An haife shi wajen 1809 a Osogun, a ƙasar Yarbawa. A 1821 mahara, Fulani da Yarbawan Oyo, suka faɗa wa garin, suka kama shi tare da mahaifiyarsa da ƙannensa mata. Ba a daɗe ba aka raba su. An taɓa musanya shi da doki, aka fasa cinikin aka dawo da shi, aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu har bakin teku. Shi da kansa ya ba da labari daga baya cewa a wannan tsakanin ya yi yunƙurin shaƙe kansa don ya huta. Yaro ne fa ɗan shekara 12 ko 13. A watan Afrilu 1822 jiragen yaƙin Ingila suka tare jirgin Turawan Fotugal da aka loda su a ciki, aka sauke su a Firitawun ta Saliyo.

A can ya koyi sassaƙar katako da karatu. Cikin wata shida ya fara karanta Sabon Alkawari. Aka yi masa baftisma ranar 11 ga Disamba 1825. A 1826 aka kawo shi nan Landan, ya yi 'yan watanni a wata makarantar ikkilisiya a Islington, wato shi ma ya ɗanɗana abin da muke ɗanɗana na sanyi da kallon da ake yi wa baƙo. Da ya koma, sunansa ne na farko a rajistar kwalejin Fourah Bay a 1827. Ya auri Asano, wadda ita ma daga jirgin bayi aka 'yanto ta, suka zauna tare kimanin shekara 50.

Hanyarsa ta fara kusantar tamu a 1841, lokacin da gwamnatin Ingila ta tura jirage su hau kogin Kwara. Ƙungiyar mishan ta CMS ta sa shi a tafiyar tare da wani Bajamushe, J. F. Schön, wanda daga baya ya wallafa nahawu da ƙamus na Hausa. Tafiyar ba ta yi kyau ba, zazzaɓi ya kashe Turawa kusan 40 daga cikin 145. Amma littafin tafiyar da Crowther ya rubuta ya sa aka kira shi Ingila, aka naɗa shi fasto a 1843. A 1846 ya isa Abeokuta, a nan kuma ya haɗu da mahaifiyarsa bayan shekara 25. An yi mata baftisma da sunan Hannatu, uwar Sama'ila ke nan a Littafi Mai Tsarki. Duk wanda ya daɗe bai ga tsohuwarsa ba sai ta waya, ya san ba sai na yi dogon bayani a nan ba.

To, ga inda nake so mu ɗan tsaya. A watan Oktoba 1857 jirgin da yake ciki, Dayspring, ya bugi dutse kusa da Jebba ya nutse. Suka maƙale a bakin kogi kusan shekara guda suna jiran wani jirgin. Wani zai zauna ya yi ta ƙirga kwanaki. Crowther sai ya shiga koyon Nufanci, yana tambayar kalmomi yana rubutawa, yana zuwa Rabba yana neman sanin mutane. Daga wannan zaman dolen ne littafin koyon karatun Nufanci ya fito a 1860, nahawu da jerin kalmomi kuma a 1864.

Sai gobarar 1862. Gidansa na Ikko ya ƙone ba ya nan. A ciki akwai fassarar da ya yi da hannu ta sauran littattafan Musa zuwa Yarbanci, da kalmomi da karin magana da ya shafe shekara 11 yana tattarawa daga bakin tsofaffi. Babu kwafi na biyu. Mu da kwamfuta kan ɗauke mana babi ɗaya na kundin digiri mu kwana uku ba mu ci abinci ba, sai mu auna. Ya sake zama ya ɗauko aikin daga farko. A 1884 aka kammala Littafi Mai Tsarki na Yarbanci, aikin mutane da yawa ne amma shi ne ginshiƙinsa, har yau kuma ana karanta shi a majami'u.

A ganina wannan sake zaman a kan tebur shi ne addu'arsa da ta fi bayyana. Mai fassara ba ya iya tsallake ayar da ta yi masa nauyi. Dole ya zauna da ita, ya juya ta, ya nemo kalmar da uwarsa za ta gane. Mutumin da aka sayar kamar Yusufu, ya zo yana neman yadda za a faɗi labarin Yusufu da harshen da aka yi cinikinsa da shi. Ina tsammanin da wuya mutum ya yi irin wannan aikin shekara da shekaru bai zama masa ibada ba.

Ranar 29 ga Yuni 1864 aka naɗa shi bishop a babbar majami'ar Kantabari, jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa. Henry Venn, sakataren CMS, shi ya dage a kan haka. Wasu Turawan mishan, irin su Henry Townsend na Abeokuta, ba su yarda su zauna a ƙarƙashin baƙar fata ba, don haka aka yanka masa yankin aiki da ya kauce musu. Rigar bishop ba ta hana shi wahala ba. A 1867 wani basarake a bakin Kwara, Abokko, ya tsare shi da ɗansa Dandeson yana neman fansar fam 1,000. Wajen kuɓutar da su kibiya mai dafi ta kashe mataimakin jakadan Ingila, William Fell.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye, mu da yawancinmu muka tashi da maƙwabta ko dangi Musulmi. Cikin waɗanda suka kama shi yana yaro akwai Musulmi, amma bai ɗauki wannan ya mai da shi gaba ba. Ya yi hulɗar mutunci da Etsu Masaba na Bida, yakan kai wa sarakuna kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci. A 1872 ya biyo ta Ilori, aka zaunar da shi a fada aka yi masa tambayoyi a kan Yesu, haihuwarsa da dawowarsa. Bai yi musu ba, bai zagi kowa ba. Kowace tambaya sai a buɗe littafi a karanta, daga Luka, daga Yohanna, daga Ayyukan Manzanni. Da aka nemi a ji addu'ar Kirista, sai ya ɗauko addu'ar da ake yi wa Sarauniya a littafin addu'a, ya sa sarkin Ilori a gurbinta.

Ƙarshen labarin ne mai ɗaci. Venn ya rasu a 1873, matar Crowther a 1880, mahaifiyarsa a 1883. Zamani ya juya, Turawa sun fara rabon Afirka, sabbin matasan mishan kuma suka iso da zafin kai. Cikinsu akwai Graham Wilmot Brooke da J. A. Robinson, waɗanda suka sauka Lokoja a 1890, suna sa riga da rawani, suna koyon Hausa, burinsu su kai bishara ƙasar Hausa. Suka duba aikin ma'aikatan Crowther suka ce duk ruɓaɓɓe ne. Gaskiya akwai masu laifi a cikin ma'aikatan, tsohon kuma yana da sanyin hannu wajen horo. Amma a taron Onica na Agusta 1890, matasan da bai fi ya yi jika da su ba suka dakatar da fastocin da ya naɗa a gaban idonsa, har da Dandeson. Ya ajiye shugabancin kwamitin. Bai fasa ikkilisiyar ba, bai kafa tasa ba, ko da yake da ya yi, da mutane sun bi shi.

Na sha jin 'yan'uwa suna cewa wannan haƙurin ya yi yawa, ya zama rauni. Ina fahimtar su, musamman wanda ya taɓa zama a ofis ko ɗakin bincike ana yi masa gyara da murmushi a kan abin da ya fi kowa sani. Ni dai ban iya kiran mutumin da ya tsira daga jirgin bayi, da nutsewa, da gobara, da garkuwa, rago ba. Kuma bai yi shiru gaba ɗaya ba: a watanninsa na ƙarshe ya goyi bayan ikkilisiyoyin Neja Delta su tsaya da ƙafafunsu, su riƙe kansu da kuɗinsu.

Ciwon shanyewar jiki ya kama shi a 1891, ya rasu a Ikko ranar 31 ga Disamba. Robinson ya riga shi da 'yan watanni, Brooke ya bi a 1892, dukansu a Lokoja. Don tunawa da Robinson aka kafa wata ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila, ɗan'uwansa Charles ya je har Kano, ya dawo ya koyar da Hausa a Kambirij ya kuma yi ƙamus. Bature aka naɗa a kujerar Crowther, sai da aka yi kusan shekara 60 kafin ɗan Afirka ya sake riƙe irinta a ƙasar. A 2014, wajen bikin cika shekara 150 da naɗinsa, Akbishop na Kantabari Justin Welby ya amsa a fili cewa an zalunce shi.