Tarihin Knud Rasmussen, ɗan Greenland da ya rubuta zaman Inuit da farin beyar

An haifi Knud Rasmussen ne a ranar 7 ga watan Yunin shekara ta 1879 a garin Ilulissat da ke gaɓar yammacin tsibirin Greenland, wanda a lokacin yake ƙarƙashin mulkin mallakar ƙasar Denmark. Mahaifinsa limamin coci ne ɗan Denmark, mahaifiyarsa kuwa tana da jinin Inuit, wato mutanen da Turawa suka daɗe suna kira Eskimo.

Ya tashi yana jin harshen Inuit kamar kowane yaro na garin, ya kuma iya sarrafa keken ƙanƙara da karnuka ke ja tun yana ƙarami. Da ya kai shekaru 12 aka tura shi makaranta a Denmark, inda daga baya ya gwada wasan kwaikwayo da waƙa, amma bai yi nasara ba.

Zuwa ƙuryar arewa

A shekara ta 1902 ya shiga wata tawaga ƙarƙashin jagorancin Ludvig Mylius-Erichsen, wadda ta shafe shekaru biyu tana nazarin rayuwar mutanen Greenland. Wannan tafiya ce ta kai shi ga Inughuit, wani ɓangare na Inuit da a zamanin babu al'ummar da ta kai su nisa a arewacin duniya. A can rana kan ɓace na kusan watanni huɗu a lokacin hunturu, ba a noma, babu kuma itatuwa.

Maƙwabcinsu mafi haɗari shi ne farin beyar, wanda suke kira nanoq, dabbar da namijinta kan kai nauyin kilo 600. Abincinsa shi ne sil, wata dabbar teku mai yawan kitse, wadda ita ce kuma abincin mutane da karnukansu. Saboda haka mafarauci da beyar sukan haɗu a wuri guda, a kan daskararren teku, kowa yana dakon sil ta leƙo daga raminta domin shan iska.

Rasmussen ya ga yadda ake farautar beyar ɗin. Idan aka hango shi, sai a kwance wasu karnuka su kewaye shi su tsare shi har mafarauci ya iso. Da fatarsa maza ke ɗinka wandon da ke kare su daga sanyi. Ana raba naman, amma ba a cin hantar, abin da masana kimiyya suka gano dalilinsa daga baya: yawan sinadarin bitamin A da ke cikinta guba ne ga ɗan Adam.

Tashar Thule

A shekara ta 1910 shi da abokinsa Peter Freuchen suka kafa tashar ciniki a yankin, suka sa mata suna Thule. Mafarauta kan kawo fatun dila su karɓi bindigogi, harsasai da wuƙaƙe, kuma da ribar ne Rasmussen ya riƙa ɗaukar nauyin tafiye-tafiyensa na bincike, waɗanda suka kai bakwai tsakanin 1912 da 1933.

Ba duka ne suka ƙare lafiya ba. A tafiya ta biyu, wadda aka fara a 1916, farauta ta ƙi, yunwa ta kama tawagar, aka kuma rasa mutum biyu: masanin tsirrai ɗan Sweden Thorild Wulff da mafarauci Hendrik Olsen.

Tafiya ta biyar, daga 1921 zuwa 1924, ita ce ta fito da sunansa a duniya. Tare da wata mace mai suna Arnarulunnguaq da wani saurayi Qaavigarsuaq, dukkansu Inughuit, ya ratsa arewacin Kanada a keken karnuka har zuwa garin Nome na Alaska cikin watanni 16. Macen ce ke gyara tufafin fata, saurayin kuma yana farauta, kuma ba domin su ba da tafiyar ba ta yiwu ba. Duk inda suka sauka mutane suna fahimtar harshensu, abin da ya tabbatar da cewar Inuit al'umma ɗaya ce tun daga Greenland har Alaska.

A wurin mutanen Netsilik na Kanada ya rubuta ƙa'idojin da addininsu na gargajiya ya gindaya game da beyar. A ganinsu kurwar dabbar takan zauna tare da mafarauci na 'yan kwanaki bayan an kashe ta, don haka akan rataye fatar tare da kyautar kayan aiki, na maza idan namiji ne, na mata idan mace ce. Manufar ita ce kada a wulaƙanta abin da ake ci daga gare shi.

Bindigar da tasharsa ke sayarwa ta sauƙaƙa kisa, shi kansa kuma ya ga illar hakan. A shekara ta 1929 aka zartar da dokar Thule, wadda ta ƙunshi sharuɗɗan kare dabbobin farauta, tare da majalisar mafarauta da ke lura da ita. Sai dai masu sukarsa na nuni da cewar ya tafiyar da yankin tamkar mallakarsa, ya kuma share wa Denmark hanyar shimfiɗa ikonta a can.

Rasuwarsa da abin da ya biyo baya

A lokacin tafiya ta bakwai a gabashin Greenland ya kamu da gubar abinci, sannan ciwon huhu ya biyo baya. Ya rasu a birnin Copenhagen a ranar 21 ga watan Disambar 1933 yana da shekaru 54.

A 1953 hukumomin Denmark suka tashi mutanen Thule zuwa Qaanaaq saboda sansanin sojin saman Amurka. A 1973 Kanada, Denmark, Norway, Amurka da Tarayyar Soviet suka rattaba hannu a birnin Oslo kan yarjejeniyar kare farin beyar, wadda ta bar wa 'yan asalin yankin damar farautarsu ta gargajiya. Greenland ta ƙayyade adadin da za a iya kashewa tun daga 2006.

Barazanar yanzu ita ce ɗumamar yanayi. Ƙanƙarar teku tana saurin narkewa, beyar yana daɗewa a kan tudu da yunwa, yana kuma shiga garuruwa neman abinci. Rubuce-rubucen Rasmussen na daga cikin muhimman shaidun da suka rage na yadda mutane da wannan dabba suka zauna tare kafin a kai ga haka. Gidan da aka haife shi a Ilulissat ya zama gidan tarihi.