George Nepia: Gwarzon zari-ruga da hukumarsa ta juya wa baya sau biyu

A unguwar Limawa ta Minna, kamar sauran unguwannin Arewa, idan aka ce ƙwallo to ta ƙafa ake nufi. Zari-ruga, wasan da ake rungumar ƙwallo mai siffar ƙwai a ruga da ita, baƙo ne a wurinmu. A Niyu Zilan kuwa shi ne sarkin wasanni, kuma a tarihinsa da wuya a sami sunan da ake girmamawa kamar na George Nepia, ɗan ƙabilar Maori, wato mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar.

Takardar haihuwarsa ta nuna an haife shi ranar 25 ga Afrilu, 1905, a Wairoa da ke yankin Hawke's Bay. Mahaifinsa ya yi niyyar ya yi karatu a Kwalejin Te Aute, makarantar da ta yi fice wajen yaye manyan Maori, amma yaron ya bi abokansa zuwa Kwalejin Noma ta Maori kusa da Hastings, wadda 'yan ɗariƙar Mormon daga Amurka ke gudanarwa. A can wani malami Ba'amurke mai suna Erwin Moser ya ɗauki nauyinsa, ya kuma koya masa irin bugun da ƙwallo ke tafiya tana murɗawa a iska, da yadda ake kayar da abokin karawa ba tare da ɗar-ɗar ba. Waɗannan biyun su suka zama jarinsa.

A 1924, yana ɗan shekara 19, aka zaɓe shi cikin tawagar ƙasa, All Blacks, domin rangadin Birtaniya da Ailan da Faransa da Kanada. Gurbin da aka ba shi shi ne mai tsaron baya na ƙarshe, mutumin da idan aka wuce shi an gama, alhali bai daɗe da fara tsayawa a wurin ba. Kuma shi kaɗai aka ɗauka don wannan gurbi, babu madadi. Tawagar ta buga wasa 32, ta ci dukkansu, shi kuwa bai tsallake ko ɗaya ba. Shi ne kuma ke jan haka, rawar gargajiyar Maori da 'yan wasan ke yi kafin a take wasa. Ya koma gida a 1925 sunansa ya cika jaridun Ingila. A shekarar da ta biyo ya auri Huinga Kohere, suka zauna suna noma da kiwon shanu a Rangitukia, can gabar gabas.

Daga nan ne al'amari ya fara ɗaci. A 1928 All Blacks za su je Afirka ta Kudu. Ba a kai ga kafa dokar wariyar launin fata ta 1948 ba tukuna, amma wariyar na nan daram a aikace, kuma masu masaukin ba sa son ganin wanda ba farar fata ba a filinsu. Hukumar zari-ruga ta Niyu Zilan ta bi son ransu, ta ajiye 'yan Maori a gida, har da Nepia da abokin wasansa Jimmy Mill. Babu wanda ya ce ƙwazonsa ya ragu. Jininsa kawai aka duba. Duk da haka da aka sake kiransa bai ƙi ba. Ya je Ostireliya a 1929, ya kuma buga duka wasanni huɗu da aka yi da tawagar Birtaniya a 1930.

Kafin a gane abin da ya biyo baya, sai an san cewa zari-ruga iri biyu ne. A ranar 29 ga Agusta, 1895, ƙungiyoyin arewacin Ingila suka taru a garin Huddersfield suka ɓalle daga uwar hukuma, a kan batun biyan 'yan wasa kuɗin aikin da suke rasawa ranar wasa. Yawancin 'yan wasansu masu haƙar kwal ne da ma'aikatan masaƙa, waɗanda rashin ladan yini guda ke nufin tukunya ba za ta hau murhu ba. Daga wannan ɓaraka aka sami Lig, mai 'yan wasa 13 kuma ana biyansu, aka bar Yuniyon mai 'yan wasa 15, wadda ta haramta karɓar ko kwabo. Doka ce mai kyan ji a baki, sai dai wanda ke da gado ko albashi mai tsoka shi take yi wa daɗi. Duk wanda ya taka filin Lig kuwa, Yuniyon ta rufe masa ƙofa.

Karyewar tattalin arzikin duniya ta shekarun 1930 ta durƙusar da manoman Niyu Zilan, gonar Nepia ma ba ta tsira ba. Suna ya yi shi, amma suna ba ya biyan bashi. A 1935, bayan ya jagoranci tawagar Maori zuwa Ostireliya, ya karɓi fam 500 ya sa hannu da Streatham and Mitcham, wata sabuwar ƙungiyar Lig a Landan, ya bar matarsa da 'ya'yansa a gida. An kafa ƙungiyar ne domin a dasa wasan 'yan arewa a babban birni, dashen kuma bai kama ba. Ba ta cika kaka biyu ba ta rushe. Nepia ya koma Halifax a Yorkshire, inda Lig ke da tushe. A 1937 ya dawo gida, ya buga wa Manukau a Auckland, aka kuma sa shi a tawagar Lig ta ƙasa a karawa ta biyu da Ostireliya, wadda Niyu Zilan ta ci 16 da 15.

Hukumar da ta ajiye shi a 1928 don faranta wa baƙi rai, ita ce yanzu ta ɗauke shi a matsayin wanda ya sayar da mutuncin wasa. Sai a 1947, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka yi afuwa ya dawo Yuniyon yana da shekara 42. A 1950 ya jagoranci ƙungiyar Olympians suka kara da Poverty Bay, wadda babban ɗansa, shi ma George, ke jagoranta, uba da ɗa kowa na tsaron bayan ɓangarensa. Shekara huɗu bayan haka ɗan ya rasu a Malaya yana aikin soja.

Da tsufa ya kama shi ne karramawa ta riƙa zuwa. A 1982 ya raka tawagar Maori zuwa Wales, jama'ar filin Swansea suka miƙe tsaye suna tafa wa dattijon da yawancinsu ba su taɓa ganin wasansa ba. Ya rasu a Ruatoria ranar 27 ga Agusta, 1986. Yuniyon ta soke haramcin biyan 'yan wasa a 1995. A 2010 kuma hukumomin zari-ruga na Niyu Zilan da Afirka ta Kudu suka nemi gafarar 'yan Maori da aka cire daga rangadin 1928 da 1949 da 1960, lokacin Nepia ya shekara kusan 24 a kabari.