Alƙali David Davis na Amurka

Ina so in ba ku labarin wani alƙalin Amurka, David Davis. An haife shi a 1815 a Maryland, amma a Illinois ya yi suna. Tun daga 1848 ya riƙa zaga garuruwa yana shari'a. Cikin lauyoyin da ke binsa kuwa akwai Abraham Lincoln, har suka zama aminai. Davis ne ya yi ta fama har jam'iyya ta tsai da Lincoln takara a 1860, shi kuma ya naɗa shi alƙalin Kotun Ƙoli a 1862.

Abin da ya sa na zaɓe shi, shari'ar wani mutum ce, Milligan. Lokacin yaƙin basasa, kotun soja ta yanke masa hukuncin rataya, alhali shi ba soja ba ne. A 1866, bayan an kashe Lincoln, Davis ya rubuta hukunci cewa soja ba su da ikon yi wa farar hula shari'a muddin kotunan gari suna aiki. Watau ya rushe aikin gwamnatin amininsa ke nan. Milligan ya kuɓuta.

A 1877 Davis ya bar alƙalanci, ya wakilci Illinois a Majalisar Dattawa har 1883. Ya rasu a 1886.