Lamine Guèye, ɗan majalisar da dokarsa ta mayar da talakawan mulkin mallaka ƴan ƙasa

Kafin shekarar 1946, mutumin Damagaram ko Tawa ko Fort-Lamy (N'Djamena ta yau) ba ɗan ƙasa ba ne a idon dokar Faransa. Talaka ne abin mulka. A ƙarƙashin tsarin da ake kira Indigénat, kwamandan na iya cin sa tara ko ya jefa shi kaso na kwanaki ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, kuma ana iya kwasar sa zuwa aikin tilas. Abin da ya sa ke nan iyalai da dama daga kudancin Nijar suka riƙa tsallakawa Najeriya a wancan zamani. Dokar da ta soke wannan matsayi na talaka abin mulka tana ɗauke ne da sunan wani lauya ɗan Senegal, Lamine Guèye.

An haifi Amadou Lamine Guèye ranar 20 ga Satumban 1891 a garin Médine kusa da Kayes, cikin ƙasar Mali ta yanzu, amma asalin iyayensa mutanen Saint-Louis ne a Senegal. Wannan asali ya yi tasiri a rayuwarsa, domin Saint-Louis na cikin garuruwa huɗu, tare da Gorée da Dakar da Rufisque, waɗanda haifaffunsu ke da ƴancin zaɓe tun ƙarni na 19. A 1916 ɗan majalisa Blaise Diagne ya sa aka yi dokar da ta tabbatar musu da matsayin ƴan ƙasar Faransa. Akasarinsu Musulmi ne, kuma sun ci gaba da aure da rabon gado bisa shari'ar Musulunci a kotunsu.

Guèye ya fara da koyarwa, daga baya ya tafi Paris karatun shari'a, inda ya sami digirin dakta a 1921. Kundin bincikensa ma a kan matsayin mutanen waɗannan garuruwa huɗu ya yi shi. Ya yi aikin lauya, ya riƙe magajin garin Saint-Louis, ya yi aikin alƙalanci a tsibiran Réunion da Martinique. Ya nemi kujerar majalisar Faransa a 1934 da 1936, amma Galandou Diouf ya kayar da shi. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu tauraruwarsa ta haska. A 1945 ya jagoranci fafutikar da ta tilasta wa hukuma barin matan garuruwa huɗu su kaɗa ƙuri'a kamar matan Faransa, aka zaɓe shi magajin garin Dakar, sannan aka tura shi majalisar tsara kundin tsarin mulki a Paris tare da Léopold Sédar Senghor, a inuwar jam'iyyar gurguzu ta SFIO.

Wakilan Afirka a wannan majalisa ƴan ƙalilan ne. Nijar ma ba ta da wakilinta ita kaɗai, an haɗa ta da Sudan ta Faransa, wadda ita ce Mali a yau, Fily Dabo Sissoko na wakiltar talakawansu. Duk da ƙarancinsu, cikin watanni kaɗan suka sauya abubuwa da yawa. An rushe Indigénat tsakanin Disamban 1945 da Fabrairun 1946, kuma ranar 11 ga Afrilu aka fitar da dokar Félix Houphouët-Boigny wadda ta haramta aikin tilas.

Gudummawar Guèye ta lauya ce mai hangen nesa. Daftarin kundin tsarin mulkin da ake rubutawa ya tanadi ƴancin zama ɗan ƙasa ga mutanen yankunan ƙetare, sai dai dole ya bi ta ƙuri'ar raba gardama, kuma babu tabbacin zai tsallake. Don haka ya gabatar da ƙudurin doka na daban mai aya ɗaya tak, wanda ya ce daga 1 ga Yunin 1946 duk mutanen yankunan ƙetare ƴan ƙasa ne daidai da Faransawan gida. Majalisa ta amince da shi ranar 25 ga Afrilu. Ranar 5 ga Mayu masu zaɓe suka yi watsi da daftarin kundin, kwana biyu bayan haka kuwa, ranar 7 ga Mayu, aka sa hannu a dokar Lamine Guèye. Da bai ware ta daban ba, da ta faɗi tare da daftarin.

A majalisa ta biyu da aka zaɓa a watan Yuni, iska ta juya. Turawan da ke da gonaki da kamfanoni a Afirka sun yi gangami a Paris don a janye abin da aka bayar, kuma tsohon firaminista Édouard Herriot ya yi gargaɗin cewa yawan mutanen ƙetare zai rinjayi Faransa a majalisarta. Muhimmiyar hujjar masu adawa ita ce, wanda yake so ya zama ɗan ƙasa sai ya karɓi dokar aure da gado ta Faransa. Guèye da abokansa sun tsaya a kan cewa zama ɗan ƙasa bai buƙaci mutum ya bar addininsa ko al'adarsa ba, kuma misalin garuruwa huɗu na Senegal ya isa shaida. Da rikici ya yi tsanani a watan Satumba, wakilan ƙetare suka yi barazanar ajiye kujerunsu. A ƙarshe kundin 27 ga Oktoban 1946 ya ɗauki dokar Guèye a aya ta 80, aya ta 82 kuma ta bar wa kowa dokar iyalinsa.

Sai dai dokar tana da ƙofar baya. Jimlarta ta biyu ta ce wasu dokoki na musamman ne za su fayyace yadda sababbin ƴan ƙasar za su yi amfani da ƴancinsu, kuma ta nan hukuma ta bi. An taƙaita zaɓe ga wasu rukunoni, irin su ma'aikata da tsofaffin sojoji da masu sarauta, aka kuma ware wa Turawa kujerunsu daban a majalisun yankuna da dama. A haka Nijar ta zaɓi Hamani Diori zuwa majalisar Paris a Nuwamban 1946. Zaɓe na kowa da kowa bai zo ba sai da dokar Gaston Defferre ta 1956. Kamaru da Togo kuwa, da yake amanar Majalisar Ɗinkin Duniya ce a hannun Faransa, matsayin mutanensu ya sha bamban.

Guèye ya sake komawa fagen a 1950 da doka ta biyu mai sunansa, ta 30 ga Yuni, wadda ta hana bambanta albashi da alawus na ma'aikatan gwamnati saboda launin fata ko asali. Muhawarar ta fi zafi a kan kuɗin iyali, inda masu adawa suka koka cewa ma'aikaci mai mata fiye da ɗaya da ƴaƴa da yawa zai zame wa baitulmali kaya. Dokar ta wuce, ko da yake sai da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi ta matsa lamba kafin a aiwatar da ita.

Akwai abubuwan da masu tarihi ke riƙe masa. Bai halarci taron Bamako na Oktoban 1946 da ya haifi jam'iyyar RDA ba, saboda biyayya ga SFIO. An kuma zarge shi da fifita ƴan birni a kan manoma. Senghor ya rabu da shi a 1948 ya kafa jam'iyyar BDS, kuma a zaɓen 1951 ƙuri'un mutanen karkara, waɗanda dokarsa ta mayar ƴan ƙasa, su suka raba shi da kujerarsa.

Su biyun sun shirya a 1958, kuma bayan samun ƴancin kai a 1960 Guèye ya zama shugaban majalisar dokokin Senegal. Ranar 17 ga Disamban 1962, da jami'an tsaro suka hana ƴan majalisa zama a zaurensu, a gidansa suka taru suka kaɗa ƙuri'ar da ta kawar da gwamnatin Mamadou Dia, matakin da har yau ƴan Senegal ke saɓani a kansa. Ya rasu a Dakar ranar 10 ga Yunin 1968 yana kan muƙaminsa.

Matsayin ɗan ƙasar Faransa da ya yi wa gwagwarmaya ya zo ƙarshe ga mafi yawan ƴan Afirka a 1960. Amma tambayar da ya kare a zauren majalisa tana nan, kuma Bahaushen da aka haifa a zangon Abidjan ko Briqueterie a Yaoundé ya san ta duk ranar da aka kalli sunansa a ofishin katin ɗan ƙasa aka tambaye shi daga ina ya zo. Amsar Guèye ita ce ƙasa ta karɓi mutum da harshensa da addininsa, kuma a rubuta hakan a doka, domin alkawarin baki ba ya tsayawa a gaban alƙali.