Nana Asma'u 'Yar Shehu (1793–1864)

Shekarar 1793 sananniya ce a tarihin duniya, domin a watan Janairunta ne mutanen Faransa suka kashe sarkinsu Luwi na 16 a birnin Faris, bayan sun tumɓuke sarauta. A cikin wannan shekara ce kuma aka haifa wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo tagwaye a Degel, a ƙasar Gobir. Namijin aka sa masa suna Hassan. Macen kuwa, maimakon Husaina kamar yadda al'ada take, sai Shehu ya raɗa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar.

Asma'u ta tashi a gidan malamai, ta yi karatun Alƙur'ani da fiƙihu da tauhidi, ta kuma iya Larabci da Fulatanci da Hausa. Tana kimanin shekara 11 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, watau ta ga wahalar jihadi da idonta tun tana ƙarama: tafiyar ƙasa, da yunwa, da rasuwar dangi. Daga baya ta auri Gidado ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato a zamanin yayanta, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Bayan rasuwar Shehu a 1817, babbar matsalar da ta fuskanci daular ita ce ilmin talakawa. An ci garuruwa da yaƙi, amma matan karkara da dama, da waɗanda aka kamo a yaƙi, ba su san ko hukuncin alwala ba, bori kuma bai bar zukatansu ba. Matar aure mai 'ya'ya da aikin gida ba ta da halin zuwa zauren malami. Saboda haka Asma'u ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali daga ƙauye, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malafa alamar muƙami. Jajin kan zo Sakkwato da 'yan mata da tsofaffi su ɗauki karatu, sa'an nan su koma su koyar da matan da ke tsare a gidaje.

A nan ne harshen Hausa ya yi amfani ƙwarai. Da yake ɗaliban ba su jin Larabci ko Fulatanci, sai Asma'u ta riƙa tsara darussan a waƙe da Hausa, cikin rubutun ajami, don su yi sauƙin haddacewa. Alal misali, ta mayar da waƙar Shehu ta Fulatanci zuwa Hausa, wadda aka sani da Tabbat Haƙiƙa, mai gargaɗi ga masu mulki da talakawa baki ɗaya. Har ila yau ta jera sunayen surorin Alƙur'ani a waƙe, ta kuma yi marsiyyoyi, ciki har da na Bello wanda ya rasu a Wurno a 1837.

Allah ya yi mata rasuwa a 1864, aka binne ta a Hubbare, kusa da mahaifinta. 'Yar'uwarta Maryamu ta ci gaba da jagorancin 'Yan Taru bayanta. Allah ya jiƙanta da rahama, amin.